Lauyan da Ya Yaƙi Rufa-Rufa a Layin Dogo da Makaranta

A tsakiyar ƙarni na 19 kamfanonin jirgin ƙasa a Amurka sun ƙasaita har ba mai iya tanka musu. Garin da layin dogo ɗaya ya ratsa ba shi da zaɓi, duk kuɗin da kamfani ya yanka shi manomi da ɗan kasuwa za su biya. Cikin waɗanda suka fara neman mafita akwai Charles Francis Adams ƙarami, lauya kuma jikan shugaban ƙasa John Quincy Adams. Da faɗi-tashinsa jihar Massachusetts ta kafa hukumar sa ido kan jiragen ƙasa a 1869, ya yi shekara 10 a cikinta. Abin da aikinsa ya nuna shi ne, duk ma'aikatar da jama'a ba su da makawa sai sun bi ta hannunta, gyaranta yana farawa ne daga tona abin da take ɓoyewa.

Hukumar ba ta da ikon yanka farashi, makaminta kawai bincike da buga rahoto. A watan Agusta na 1871 wani jirgi mai gudu ya afka wa wani ta baya a tashar Revere, fitilun kananzir suka fashe, wuta ta kama taragai, kusan mutum 30 suka mutu. Bincike ya nuna kamfanin da ke da jiragen ba ya amfani da wayar tangaraho wajen tsara zirga-zirgar jiragensa, birkinsa kuma na hannu ne. Da magana ta fito fili, kunya da tsoron fushin jama'a suka tura kamfanoni ga birki mai aiki da iska da ingantattun alamun hanya. Wannan dabara ce Adams ya kai kwamitin makarantun garinsu, Quincy. A 1873 'yan kwamiti suka karɓi jarrabawa daga hannun malamai suka yi wa yara tambayoyi da kansu. Sai ga ɗalibi yana zuba ƙa'idojin nahawu da ka, amma in an miƙa masa littafin da bai saba gani ba ya yi ta in'ina, wasiƙa ma ta gagare shi. Wannan ya sa aka ɗauko masanin koyarwa Francis Parker a 1875 ya sake fasalin koyarwa, aka rage hadda.

Masu suka sun ce hukumar da ba ta hukunci kyanwar Lami ce, ba cizo ba yaƙushi. Suna kuma nuni da cewa Adams kansa ya koma shugabancin kamfanin jirgin ƙasa na Union Pacific a 1884, har attajiri Jay Gould ya ture shi a 1890. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, domin hukumomin da jihohin Wisconsin da New York suka kafa a 1907 don kula da wutar lantarki da gas an ba su ikon ƙayyade farashi. Sai dai wanda zai yanka wa kamfani farashi dole ya fara sanin abin da kamfanin ya kashe da abin da ya ci, in ba haka ba hukuncinsa ya zama shaci-faɗi, kotu ta yi watsi da shi. Shi ya sa hukumomin da suka biyo baya, duk da ƙarfin da doka ta ba su, ba su yar da tilasta wa kamfanoni buɗe littattafan lissafinsu ba.