Daga Ƙorai Zuwa Roba Mai Kamar Tulu: Tarihin Jere a Bagudo

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu, ina so mu ɗan waiwayi tarihin adon ɗakin mace a ƙasarmu ta Bagudo.

A zamanin kakanninmu, jeren amarya ƙorai ne masu zane da tukwane. Daga baya langa da samira suka shigo daga Turai da Hon Kon, kafin a kafa kamfanin yin su a Ikeja a 1960. Ƙarfe ne mai arha aka yi wa rufi mai sheƙi da furanni har ya yi kama da tangaran. Duk da haka dukiyar mace ce, domin in wuya ta yi takan cire biyu ta sayar.

Mu na bakin iyakar Benin, farashin kayan ɗaki yana bin hanyar Kwatano, ta Segbana da Tsamiya. Shi ya sa rufe iyaka na 1984 zuwa 1986, da na Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, suka ji wa iyayen amare.

Yanzu kuwa abin ya juya. Ƙannenmu mata kan sami kwalba ko gorar roba, su dama fenti da ɗan bekin foda, su shafa har ta fito kamar tulun yumɓu. Dabarar ta burge ni, amma kuɗin mai fenti ke karɓa. Hoton Ladi Kwali, gwanar ginin tukwane, yana bayan naira 20, alhali maginiyar randa a ƙauyukanmu tana rasa masu saye saboda bokitin roba.