Jiragen Ruwa Masu Gudu: Tarihin Ƙirarsu da Hanyar Gane Nasabarsu

Wanda ya ga ɗaya daga cikin tsofaffin jiragen ruwan nan na katako masu inji, irin waɗanda attajiran Amurka da Italiya suka yi yayi a ƙarni na 20, abin da ke fara ɗauke masa ido shi ne jan katako mai sheƙi da ƙarafan ado. Ma'abota ilmin sana'ar kuwa sai su durƙusa su leƙa ƙasan jirgin, domin a nan ne maƙera suka zuba hikimarsu, kuma daga nan ne ake karanta zamaninsa da asalinsa.

A farkon al'amari jirgi mai inji dogo ne siriri, mai zagayayyen ciki, yana keta ruwa yana ture shi dama da hagu, saboda haka kome ƙarfin injinsa akwai haddin da gudunsa ba ya ƙetarewa, don igiyar ruwan da shi kansa ya tayar ita ce ke tare shi. A shekarar 1872 wani limamin coci a Ingila, Charles Ramus, ya kai wa hukumar mayaƙan ruwa shawarar a yi wa ƙasan jirgi tsani, yadda in ya ɗauki gudu zai taso ya riƙa sulɓi bisa fuskar ruwa. Ra'ayin nasa sahihi ne, illa dai injunan tururi na wancan zamani sun yi nauyi ainun, sai da injin fetur ya bayyana, aka kuma kafa gasar tseren jiragen ruwa ta Harmsworth a 1903 da ta Gold Cup a 1904, sa'an nan maganarsa ta tabbata.

Jihar Mishigan ce ta zama cibiyar wannan fasaha. A can John Hacker ya shahara da ƙirar da goshinta ke da kaifi don yanka igiyar ruwa, ƙasan kuma yana shimfiɗuwa sannu a hankali har ya kusa zama bai ɗaya a baya, da kusurwa bayyananna inda ƙasa ya sadu da gefe. A can ne kuma Christopher Columbus Smith na garin Algonac, wanda ya ƙera jirginsa na fari a 1874 yana ɗan shekara 13, ya kafa gidan da aka sani da Chris-Craft. Shi kuwa Gar Wood, wanda ya yi arziki da na'urar ɗaga bayan tifa, ya sayi injunan jiragen sama da suka yi saura bayan Yaƙin Duniya na Farko ya ɗora wa jiragensa. A 1932 jirginsa Miss America X, mai injuna 4 ƙirar Packard, ya yi gudun mil 124 da ɗoriya cikin sa'a guda.

Sai dai shimfiɗaɗɗen baya, ko da yake ni'ima ne a tafki mai kwanciyar ruwa, azaba ne a teku, inda jirgi kan tashi ya faɗo da ƙarfi har katako ya tsage. Raymond Hunt ne ya warware wannan mas'ala, yayin da ya ja kaifin ƙasan tun daga goshi har ƙarshen baya da karkata ta digiri 24, ya kuma jera masa siraran haƙarƙari a tsawonsa don su ɗaga shi. Jirgin Richard Bertram mai suna Moppie, wanda aka yi bisa wannan ƙira, ya cinye tseren Miyami zuwa Nasau a 1960 cikin teku mai tsananin hauka, daga nan maƙera suka bi sawu. Zamanin ya zo daidai da shigowar faibagilas a madadin katako, har Chris-Craft ya ƙera jirginsa na katako na ƙarshe a 1971, alhali gidan Riva na Sarniko a Italiya ya dawwama a kan Aquarama ta katako daga 1962 har 1996.

Game da gane nasabar jirgi kuwa, masu bincike sukan fara da siffa: tsani a ƙasa alamar jirgin tsere ce, baya mai lanƙwasa kamar rabin ganga yana nuni ga ƙirar Chris-Craft ta 1939 zuwa 1942. Daga nan su duba aikin kafinta, misali ƙasa mai katako ruɓi biyu da tamfol a tsakani, sa'an nan su nemi lamba. Tun watan Nuwamba na 1972 dokar Amurka ta wajabta lamba mai haruffa da alƙaluma 12 a bayan kowane sabon jirgi, amma gabanin haka kowane gida da tsarinsa, Chris-Craft kuwa yakan buga tasa a jikin katako, kusa da inji ko ƙarƙashin murfinsa, kuma katunan da ya rubuta wa jiragensa suna ajiye a gidan tarihin Mariners' Museum da ke Bajiniya.

Hukuncinsu a nan ya yi kama da na malaman hadisi, waɗanda ba sa karɓar matani sai isnadinsa ya inganta: inji ana canja shi, allon suna ana ciro shi daga wani jirgi a liƙa wa wani, katakon da ya ruɓe ana maye gurbinsa. Saboda haka ba a yanke wa jirgi nasaba sai siffar ƙasansa da aikin kafintansa da lambarsa sun yi muwafaƙa da abin da ke rubuce a daftarin maƙerinsa. In ɗaya ya saɓa, to shubuha ta shiga, kuma darajarsa a kasuwa takan faɗi gwargwadon haka.