Pripyat, Garin da Ya Zama Kufai Yana da Shekara 16

Tun ba a san za a yi wani gari mai suna Pripyat ba, tashar jirgin ƙasa ta Yaniv tana nan. A 1925 aka buɗe ta, a kan layin dogon da ya taso daga Chernihiv ya nufi Ovruch, a arewacin Yukiren, cikin daji mai fadamu da dogayen itatuwa. Sunan ɗan ƙauyen da ke gefenta ta ci. Ta shekara sama da 40 tana ɗauka tana sauke mutanen karkara, kafin gwamnatin Tarayyar Sobiyet ta zaɓi yankin don gina tashar lantarki ta nukiliya, wadda aka raɗa wa sunan tsohon garin Chernobyl. Ma'aikata kuwa dole sai da makwanci. Ranar 4 ga Fabrairun 1970 aka kafa gari, kilomita uku kacal daga tashar lantarkin, aka sa masa sunan kogin da ya ratsa ta gefensa.

Garin 'yan gata ne. Benaye reras, tituna masu faɗi, ga otal ɗin Polissya, ga zauren wasanni na Energetik, ga wurin ninƙaya, kantuna kuma cike da kayan da wasu garuruwan Sobiyet sai dai su ji labari. Mazaunansa wajen 49,000, galibinsu matasa ne masu ƙananan yara. Jirgin fasinja daga Mosko ma yakan tsaya a Yaniv.

Da ƙarfe 1:23 na daren Asabar, 26 ga Afrilun 1986, tukunyar nukiliya ta huɗu ta fashe ana cikin gwaji. Gari ya waye, yara suka tafi makaranta, har ɗaurin aure aka yi, alhali iska cike take da gubar da ba ta da launi, ba ta da wari. A ganina, wannan shirun na hukuma ya fi komai wuyar yafewa. Sai ranar Lahadi da rana, bayan kimanin sa'a 36, aka jero motocin bas sama da dubu. Aka ce kowa ya ɗauki takardunsa da ɗan abin buƙata, kwana uku za a yi a dawo. Mata suka bar shanya a igiya, aka hana tafiya da karnuka da kyanwoyi. Kafin magariba gari ya yi tsit. Ƙaton lilon nan mai kama da wilin keke, wanda aka shirya buɗewa ranar 1 ga Mayu, har yau yana tsaye da kujerunsa ruwan ɗorawa.

Daga baya aka shata da'irar kilomita 30, aka kwashe mutum kusan 116,000 a shekarar.

A Yaniv abin ya fi kama jiki. Ginin tashar yana nan, amma bayansa taragu ne jere, tsatsa ta cinye su, fenti ya ɓare kamar ɓawon itace. Wasu sun goce daga kan ƙarfe sun kishingiɗa a ƙasa. Bishiyoyi sun tsiro tsakanin ƙarafan dogo, wasu har sun fi kan jirgin tsawo. A leƙa cikin tarago, sai kujerun da suka ruɓe, da fasasshen gilashi, da busasshen ganyen da iska ta tara shekara da shekaru. Ƙauyen Yaniv kansa kuwa, ko kango bai bari ba: katafila aka sa ta rushe gidajen, aka binne su saboda yawan gubar da ta sauka a kansu. Haka aka yi wa ƙauyen Kopachi da ke kusa. Wanda ya bi ta can ba zai ga komai ba sai tsibin ƙasa nan da can, kowanne an kafa masa alamar gargaɗi, sai ginin makarantar renon yara da ya tsira, da ƙananan gadajen ƙarfe a ciki.

Wasu tsofaffi, yawancinsu mata, sun yi kunnen ƙashi sun koma ƙauyukansu, suna noman dankali suna kiwon kaji. Hukuma ta gaji ta ƙyale su. Pripyat dai ba wanda ya koma da zama.

Layin dogon bai mutu gaba ɗaya ba, domin ba a daina samar da wuta a tashar lantarkin ba sai Disamban 2000, aikin kula da wurin kuma bai ƙare ba. An gina wa ma'aikata sabon gari, Slavutych, a da kullum jirgi yana kwaso su zuwa tashar Semykhody da ke gefen tashar lantarkin, yana ratsa wani ɗan yanki na ƙasar Belarus, tafiyar da ba ta kai sa'a guda ba. Ranar 24 ga Fabrairun 2022 sojojin Rasha suka shigo yankin ta Belarus, suka riƙe shi har ƙarshen Maris. Daga nan jirgin ya tsaya, ma'aikatan suka koma dogon zagaye a mota, tafiyar sa'o'i da yawa.