Daga Samariya zuwa Fada: wa ke kiran mutane zaɓe?

Zamanin Seyni Kunce, in ana son tara jama'a, Samariya ake aikawa. Sarkin samari ya sa a buga ganga, kowa ya fito. Amma umurnin daga sama yake zuwa.

Bayan taron ƙasa na 1991, Samariya ta ja baya, fada ta bazu a unguwanni. Zaɓen ƙananan hukumomi na Fabrairun 1999 ya ƙare cikin rikici, aka soke sakamako da yawa. Sai ranar 24 ga Yulin 2004 aka zaɓi kansiloli a kwaminoni 265.

A unguwarmu, yayyenmu ƴan fada su suka bi gida-gida suna tambaya: "Inna, kin karɓi katinki?" Ƴan kabu-kabu suka kai tsofaffi rumfar zaɓe. Hujjarsu ɗaya ce: shugaban ƙasa yana Yamai, amma kwata da harajin kasuwa suna hannun magajin gari.

A 2024 an rusa majalisun da aka zaɓa a Disamban 2020. Ni dai ina ganin ranar da akwati ya dawo, aikin namu ne. Ƴan'uwa, mu fara maganar tun yanzu, a bakin shayi.