Yadda Ilimin Muhalli Ya Samu Gindin Zama a Ƙasarmu

A zamanin da muke kwalejin horon malamai, labarin ƙasa da aikin gona muka sani. Ba mu ɗauki muhalli a matsayin fannin da mutum zai nemi digiri a kansa ba. Wahala ce ta koya wa ƙasar nan darajarsa.

Farin 1972 zuwa 1974 ya ƙarar da dabbobi, ya bar rumbuna wayam. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya yi ta janyewa. A 1988 aka gano dattin masana'antu mai guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko, cikin Jihar Delta ta yanzu. Wannan abin kunya ya sa gwamnati ta kafa hukumar kare muhalli a shekarar, sannan aka samu ma'aikata sukutum a 1999. Duk da haka, a 2010 gubar dalma ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara.

A kowane karo, sai ɓarna ta auku ake neman masana.

Ya ku 'yan uwa mazauna birane, idan ɗanku ko 'yarku ya zaɓi wannan fanni a jami'a, kada ku ce ya rasa likitanci ne. Wanda zai auna ruwan rijiyoyinmu, ya tare zaizayar gonakinmu, shi ma rai yake ceta. Allah Ya ba mu irinsu daga cikin 'ya'yanmu.