Dalar Gyaɗa: Yadda Kano Ta Shiga Kasuwar Turai, Da Yadda Kasuwar Ta Suɓuce

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Kusan kowa ya taɓa cin karo da tsohon hoton nan na dalar gyaɗa a Kano: buhuna an jera su sun tashi sama kamar dutse, leburori na hawa da kaya a ka. Duk lokacin da aka ɗora shi, sai ka ga ana ta rubuta Allah sarki Arewa. To yau bayan hoton za mu leƙa. Wa ya ƙulla wannan ciniki da Turai? Wa ke yanka farashi? Kuma me ya kashe shi?

Mu fara da abin da zai ba wasu mamaki. Turawa ba don gyaɗa suka kawo jirgin ƙasa Kano ba, auduga suke nema. Masaƙun yankin Lankasha a Ingila sun dogara ne da audugar Amurka, kuma duk ranar da farashinta ya tashi sai hankalinsu ya tashi. Shi ya sa a 1902 suka kafa ƙungiyar BCGA a birnin Mancesta, aikinta nemo auduga a ƙasashen da Ingila ke mulka. Har yau akwai unguwa a Funtuwa da ake kira da wannan suna. A 1903 sojojin Lugga suka ci Kano. Dama tun 1851 wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, ya zo Kano ya rubuta yadda tufafin da ake saƙawa a rina a nan ke kaiwa har Timbuktu. Sai Turawa suka yi lissafi cewa ƙasar da ke tufatar da jama'a haka, ai auduga a jibge take. Winston Churchill da kansa, lokacin yana ƙaramin ministan ƙasashen mulkin mallaka, ya tsaya wa aikin layin dogon a majalisarsu a 1907. Layin ya taso daga Baro a bakin Kwara, ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912.

Jirgi ya zo, auduga ta ƙi zuwa. Dalili kuwa mai sauƙi ne: masu kaɗi da masaƙa na gida suna sayen auduga da tsada fiye da kuɗin da Bature ke tayawa. Ga marina cike a Ƙofar Mata da Kura, ga masu jiran zane da rawani har cikin Sahara. Wane manomi ne zai bar mai biya da yawa ya kai wa mai biya kaɗan?

A daidai wannan lokaci wani abu na faruwa a Turai wanda manomin Kano bai ma san da shi ba. Wani masanin haɗa sinadarai a Jamus, Wilhelm Normann, ya gano hanyar daskarar da man tsirrai a farkon shekarun 1900. Da wannan dabara ake iya mayar da man gyaɗa ya zama botar shafa wa burodi, irin su Blue Band ɗin nan da kuka sani. Ma'aikatan masana'antu a Turai sun yi yawa, botar shanu ta fi ƙarfin aljihunsu, ga kuma masu yin sabulu su ma suna neman mai. Nan take gyaɗa ta yi daraja a Libaful da Hambug da Marsay. Kamfanoni irin su Niger Company da John Holt da na Faransawa suka kafa kantuna da sikeli kusa da tashar jirgin Kano.

Shi kuma manomi ga nasa lissafin. Ƙasar jigawa ta arewacin Kano tana karɓar gyaɗa sosai. Ana iya shuka ta tsakanin gero da dawa, ba sai an hana gida abinci ba. Wahalarta ba ta kai ta auduga ba. Harawarta abincin dabbobi ce. Idan kuma kasuwa ta ƙi, mata su soya su matse mai, su yi ƙuli-ƙuli, a ci a sayar. Auduga fa? Ba a tuwo da ita. Ga kuma haraji da Bature ya ce da tsabar kuɗinsa za a biya. Ka ga kenan babu wanda ya koya wa manomi abin da zai shuka, shi ya auna ya zaɓa.

Amma tsakanin manomin da ke ƙauyen Gumel ko Kazaure da Baturen da ke zaune a kanti akwai tazara. Bature bai san hanya ba, bai ji Hausa ba, babu wanda ya yarda da shi. Waɗanda suka cike wannan giɓi su ne fataken goro. Shekara da shekaru Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suna haɗa ayari ƙarƙashin madugu, su tafi Gwanja, kasuwar Salaga a ƙasar Gana ta yau, tafiyar watanni da jakuna. Su kai tufafi da kanwa da fatu, su dawo da goro. Wannan fatauci ya bar musu jari, ya bar musu yara amintattu a garuruwa, ya kuma koya musu yadda ake ba da bashi a karɓa ba tare da takarda ba. Da suka ga farashin da kantuna ke biya, sai suka juya akalar duk wannan zuwa gyaɗa. Mutane irin su Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo suka baza yaransu ƙauyuka da kuɗi da gishiri da yadi, a ba manomi kafin alƙalami, idan kaka ta yi ya biya da gyaɗa. Mata su ɓare ta a turmi, jakuna da raƙuma su kawo ta birni.

Ku saurari alƙaluman. A 1912 gyaɗar da Najeriya ta fitar waje ba ta kai tan 3,000 ba. A 1913 ta haura tan 19,000. Buhuna suka cika tasha har jirgin ya kasa kwashewa. Su kansu Turawan da suka shimfiɗa layin abin ya zo musu ba zato.

Sai dai tun a shekarar farko aka ga haɗarin abin. Damina ta ƙi a 1913, aka shiga yunwar da tsofaffi ke kira Kakalaba, mutane da yawa suka mutu a ƙasar Kano. Manoma suka koma kan hatsi, cinikin gyaɗa ya ja baya na ɗan lokaci. Amma zuwa 1916 ya sake tashi har wajen tan 50,000.

A cikin fataken nan wanda sunansa ya fi fita shi ne Alhassan Dantata, haifaffen Bebeji. Ya yi fataucin goro a Gwanja da Kumasi da Akara, yana cikin waɗanda suka fara turo goro ta jirgin ruwa zuwa Legas. Ya dawo Kano, ya zama babban mai saye wa Niger Company gyaɗa. Labarin da ya shahara shi ne, da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano a 1929, kuɗin azurfar da ya kai ajiya raƙuma 20 ne suka ɗauko. Ya rasu a 1955, ana lissafa shi cikin mafi arziki a Afirka ta Yamma. Aliko Dangote ta wajen uwa daga wannan gida ya fito.

To amma a lura da inda ikon attajiran namu ya tsaya: a bakin sikeli. Daga nan zuwa gaba, jirgin ruwa, inshora, injin matsar mai, da sanin farashin Libaful, duk a hannun kamfanonin Turai suke. Kamfanin Lever Brothers mai yin sabulu ya saye Niger Company a 1920, a 1929 aka haɗe manyan kamfanoni aka sami UAC. Wato mai sayen gyaɗar a Kano da mai matse ta a Turai sun zama gida ɗaya. Da tattalin arzikin duniya ya karye daga 1929, farashin gyaɗa ya faɗi warwas, haraji kuwa yana nan a wuyan talaka. Sai ya zamana dole manomi ya ƙara noma don ya sami kuɗin da a da rabin wannan gyaɗar ke kawo masa.

Yaƙin Duniya na Biyu ya kawo sabon tsari. Gwamnatin Ingila ta karɓe sayen gyaɗar gaba ɗaya, a 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, a 1954 ta koma hannun gwamnatin Jihar Arewa. Hukuma ce ke yanka farashi kafin kaka, ita kaɗai ke da izinin fitarwa waje. Attajirai suka zama wakilanta masu lasin, ƙarƙashinsu ga 'yan baranda suna bin kasuwannin ƙauye. An ce an yi haka ne don a kare manomi daga hawa da saukar farashi. A aikace, shekaru da yawa ana biyansa ƙasa da abin da duniya ke biya, rarar ta tafi asusun hukuma. Gaskiya ne an yi ayyuka da kuɗin, misali masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 da jarin hukumar a ciki. Amma guminsa na manomi ne, kuma ba a tambaye shi ba. Shi ya sa duk shekarar da farashin Maraɗi ko Damagaram ya fi, sai gyaɗa ta bi dare ta tsallaka iyaka.

Ita kanta dalar, a wannan zamani ta yi ƙamari. Ana cewa dala ɗaya kan ci buhu har 15,000. Me ya sa ake tara ta? Saboda layin dogo ya kasa kwashe kaya zuwa teku a kan lokaci. Gyaɗa kan yi watanni a fili, wani lokaci ta bara ta tarar da ta bana, ƙwari na ci. Don haka hoton da muke alfahari da shi shaida ce ta ƙwazon manomi, kuma shaida ce ta kayan da suka rasa hanyar fita.

A shekarun 1960 Najeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa. A kakar 1966/67 abin da hukumar ta saya ya haura tan miliyan 1. Shekara 10 bayan nan babu dala ko ɗaya. Farin 1972 zuwa 1974 ya zo, a 1975 cutar kuturtar gyaɗa ta cinye gonaki. Kuɗin fetur ya shigo, hankalin gwamnati ya bar gona, samari suka nufi birni. Manomin da dama farashin hukuma bai gamsar da shi ba ya koma gero da wake, ko ya sayar wa masu man gyaɗa na gida. Turai kuwa ba ta jira mu ba, ta koma kan waken suya da sauran mai. Lokacin da gwamnatin Babangida ta rushe hukumomin ciniki a 1986, kasuwar ta riga ta tafi. Har gobe Najeriya na cikin manyan masu noman gyaɗa a duniya, sai dai kusan duka a gida ake cinye ta.

Me ya sa muka ɗauko wannan tarihi yanzu? Saboda ana sake buga irin wasan. Je ka kasuwar Dawanau ka ga tireloli na lodin riɗi da zai tafi Japan da Sin da Turkiyya, zoɓon Jigawa da zai tafi Meziko, ga cittar kudancin Kaduna. Yawanci ɗanye muke turawa, can ake sarrafawa, can ake yanka farashi. Kuma masu sayen yau sun fi na jiya tsanani. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda maganin ƙwari da ya wuce kima. Meziko ma ta taɓa dakatar da zoɓonmu na wasu shekaru saboda ƙwari a cikin kaya. A 2023 cuta ta faɗa wa citta, manoma suka tafka asara, kamar dai gyaɗa a 1975.

Fataken goro sun ci ribar 1912 ne domin dama ta same su da jari da amana da sanin hanya. Abin da ya gagare su shi ne sanin farashin can da kuma injin sarrafawa. Kai da ke karanta wannan, farashin riɗi na duniya yana cikin wayarka, ƙa'idojin ingancin da mai saye ke nema su ma suna nan a intanet. Saura tsabtace kaya, da gwaji kafin lodi, da haɗa jari a sayi injin gyara ko na matsa, ko da ƙarami ne.

A nan za mu dasa aya. Idan a gidanku akwai dattijon da ya yi dako ko awo a zamanin dala, ku zauna da shi ku ji daga bakinsa tun yana raye, ku kawo mana abin da ya faɗa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.