Gidan Ɗan Hausa: gidan ƙasar da boko ya fara zama a Kano

1/ 'Yan uwa na Gusau, Tsafe da Bungudu da ke zuwa Kano sayayya a Kwari ku juya: akwai wani gida a Nasarawa da ya kamata ku leƙa. Na je makon jiya. Ga zare.

2/ Sunansa Gidan Ɗan Hausa. Ɗan Hausan kuwa Bature ne, Hanns Vischer, haifaffen Basel a ƙasar Siwizalan, 1876. Da aikin mishan ya fara shigowa Arewa a 1901, daga baya ya zama ɗan Birtaniya, ya koma aikin gwamnatin mulkin mallaka.

3/ A 1906 ya ratso Sahara da ayari daga Tarabulus har Barno. Hausa a bakinsa kamar ya sha ta a nono, shi ya sa laƙabin ya bi shi.

4/ A 1909, zamanin Sarkin Kano Abbas, ya buɗe makarantar boko ta gwamnati a nan Nasarawa. Malamai aka fara koya wa, sannan 'ya'yan sarakuna, ga kuma ɓangaren sana'ar hannu. Iyaye da yawa ba su yarda ba, kuma ban ga laifinsu ba. Shekara 6 kacal da Turawa suka ci Kano da bindiga, mutumin kuma tsohon ɗan mishan. Kai da ɗanka ne za ka miƙa?

5/ Abin da ya fi tsaya mini: a 1912 ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da baƙaƙen boko. Wato rubutun da nake yi muku yanzu akwai hannunsa a ciki. Masu lanƙwasa (ɓ, ɗ, ƙ) sai a shekarun 1930 suka zo. Ajami kuwa, da kakanninmu suka daɗe suna rubutu da shi, tun daga nan hukuma ta fara tura shi gefe. Wannan ciniki har yau ban tabbata mun ci riba duka ba.

6/ Ginin kansa ƙasa ce da azara, da bakan gizo a rufi, da zankwaye a sama. Bango mai kauri. Rana na dukan waje, ciki sanyi ƙalau, babu fanka. Magina Hausawa ne suka yi shi, amma sunan Bature kawai muka riƙe.

7/ Yanzu Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano ke kula da shi. Akwai tukwane, kayan sana'o'in gargajiya da tsofaffin hotuna. A fili ga bishiyoyi, ka zauna ka huta.

8/ Ina zaune a inuwar nan Kwatarkwashi ta faɗo mini. A shekarun 1990 an haƙe gumakan yumɓu masu ɗimbin shekaru a yankin, dillalai suka yi waje da su. Yau sai ka gan su a kundin gwanjon Turai da sunan "Sokoto". A ƙaramar hukumar Bungudu fa aka tono su.

9/ In za ku je, ku je ranar aiki da safe, ku nemi ma'aikaci ya zagaya da ku. Ku tambaye shi ɗakin da Vischer ke kwana.